Yadda Wa Ambe Ta Nemo La Ompo a Teku

A Popalia, ƙauyenmu da ke gaɓar tsibirin Binongko, mace ba ta jan jirgi. Ba hanawa aka yi ba, ba a dai saba gani ba. Maza su tafi teku wata uku wata huɗu, mata su zauna da gonar rogo da awaki da saƙa. Wa Ambe ma haka ta fara (a wurinmu sunan mace da Wa yake farawa, na namiji da La). 'Yar maƙeri ce, ta tashi tana ja wa mahaifinta zugazugi, ta gama firamare, sannan ta auri La Dao, mai wani jirgin katako madaidaici da ake kira Bunga Pala. Jirgin iska ne mai filafilai biyu, da ɗan tsohon inji da ba a tayarwa sai za a shiga tasha. La Dao yakan ɗauki addunan maƙeranmu ya kai tsibiran Alor da Flores da Ambon, ya dawo da masara da katako da kanumfari.

Sai da 'yarsu Rasi ta yi aure ta koma birnin Baubau sannan Wa Ambe ta shiga jirgi. Mai yi musu girki ne ya tsere a Ambon ya bi wata mai sayar da kifi, ita kuwa ta ce dama ta gaji da kallon bango. Lokacin tana da shekara arba'in da ɗaya. Shekara tara ta yi tana turara musu kasuwami, wato dambun rogo, tana dafa romon kifi a ɗan murhun da ke bayan jirgi, dab da sandar tuƙi. Zaman kusa da sandar nan shi ya jawo komai, don Wa Ambe ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Baban Rasi, me ya sa ka karkata hagu? Ga tsibirin can a gabanmu."

"Ruwa na jan mu dama. In na nufe shi kai tsaye, sai mu wuce shi."

"Ta yaya ka sani?"

"A jikina nake ji."

"To ni jikina ba ya ji. Faɗa mini da baki."

"Maman Rasi, kifinki na ƙonewa."

Haka dai, yau ya amsa, gobe ya kore ta. Amma a shekara tara ta haddace sunan kowane dutsen murjani daga nan zuwa Alor, da watan da kowace iska ke juyawa.

Daga baya cutar yanar ido ta kama La Dao. An yi masa aiki a Baubau, ido ɗaya ya ɗan washe, amma hangen nesa ya tafi ke nan. Wata rana da hantsi, ruwa kwance lumui, ya goga cikin jirgi a kan murjani kusa da tsibirin Tomia, wurin da ya bi ya fi sau ɗari. Ba wata ɓarna aka yi ba, katako biyu aka sauya. Shi ne dai bai koma daidai ba. Ya dawo gida ya zauna a ƙofa, ya ce zai sayar da jirgin.

Wa Ambe ta ce, "Ka sayar ka yi me? Ka zauna kana gadin awaki?"

"To in kashe mutane ne? Ba na ganin launin ruwa."

"Ba wanda zai mutu. Ni zan gani maka."

A Sallar wannan shekarar ƙanenta La Mbai ya zo hutu. Shekararsa ashirin yana aiki a manyan jiragen dakon mai. Wa Ambe ta cire 'yan kunnenta na zinariya, ta hau jirgin fasinja zuwa garin Wanci, ta dawo da babbar waya mai faɗin faranti da ɗan allon sola. Ta ajiye su a gabansa, ta ce, "Taswirar nan da kuke dubawa a jiragenku, sa mini ita a nan. Kwana takwas gare ka."

La Mbai ya yi dariya, amma da ya ga fuskarta sai ya gyara zama. Ya sa mata manhajar taswirar teku, ya sauke dukan taswirorin yankinmu a cikin wayar, don a tsakiyar teku babu sabis. Ya nuna mata 'yar kibiyar da ke nuna inda jirgi yake, da lambobin zurfin ruwa, da yadda ake dasa alama a nan a dasa a can, a haɗa su da layi, manhaja ta faɗi nisa da fuskar da za a sa wa kamfas.

Rana ta uku ta ja layi daga Popalia har Alor, ta miƙa masa tana taƙama. Ya sa yatsu biyu ya buɗa taswirar, sai ga layin nata ya ratsa tsakiyar wani dutsen murjani.

"Yaya, kin kashe mu duka."

"Ai ɗazu babu shi!"

"Yana nan. In kin ƙanƙance taswira, ƙananan duwatsu ɓacewa suke yi. Duk layin da kika ja, sai kin buɗa shi kin bi shi taku-taku, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa."

Ba ta sake yin wannan kuskuren ba. Ranar da La Mbai zai tafi, suka je jirgi da wayar. Jirgi na ɗaure a gaɓa, ruwa na dukan cikinsa, amma kibiyar ta nuna shi a kan tudu.

Wa Ambe ta ce, "Taswirarka ta ce muna cikin gonar rogon La Unga."

"Ai shi ya sa na kawo ki. Waɗanda suka auna ruwanmu sun daɗe da mutuwa, wani wurin sun kauce da taku ɗari biyu. Kibiya gaskiya take faɗi, zanen gaɓar ne wani lokaci ba daidai ba. Ki riƙa dasa alamominki da kanki."

Abin da ta yi ke nan shekara uku. Ta sa wayar a cikin jakar roba ta rataya a wuya. Duk mashigar da za su bi, sai ta sa La Hasi, babban ma'aikacinsu, ya hau gaban jirgi yana duba launin ruwa, La Dao na riƙe da sanda, ita tana dasa alama tana sa mata sunan da masunta ke kiran wurin. Kowace tafiya kuma takan bar manhajar ta zana sawun da jirgi ya bi, ta adana, ta rubuta wata da irin iskar da aka yi. Tun kafin a ɗaga anga ta gama tsara hanya: inda za a juya filafilai in iska na gaba, inda za a fake in ta yi yawa, da lokacin da ya kamata a isa mashiga don rana ta kasance a bayansu.

Masu jiragen Popalia ba su ƙyale su ba. In Bunga Pala ya shigo, sai ka ji ana ɗaga murya daga gaɓa: "La Dao, yau me mai girki ta dafa? Arewa ko kudu?"

La Dao yakan ce, "Ko me ta dafa, mun riga ku isowa." Wa Ambe kuwa ko kallo ba su ishe ta ba.

A watan Yuli na shekara ta huɗu, iskar gabas na tsakiyar kaɗawa, La Ompo ya ɓace. Tsohon masunci ne na ƙauyen Taipabu, ya haura saba'in, mai baƙin taurin kai, wanda ba ya fita teku da kowa. Ranar Litinin da sassafe ya tafi kamun kifin tuna a ɗan kwalekwalensa mai inji, wajen mil goma sha biyar kudu da tsibiri, bai dawo ba. Talata da Laraba kwalekwale bakwai suka fita nema. Duk suka yi arewa maso yamma, inda iska ke tura abu, suka zaga har mai ya kusa ƙare musu, suka dawo hannu banza. Laraba da la'asar wasu sun fara maganar a yi masa addu'a.

Ranar ne Bunga Pala ya dawo daga Flores. Wa Ambe ko kaya ba ta bari an sauke ba. Ta hau babur zuwa Taipabu, ta sami matar La Ompo, Wa Sariu, zaune cikin mata ido ya kumbura. Ta gaishe ta, ta zauna kusa da ita, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba jaje na zo yi ba. Tambaya na zo da ita. Ruwan sha nawa ya tafi da shi?"

"Jarka ɗaya, 'yar ƙarama."

"Tampol fa?"

"Yana da shi, shuɗi."

"Me kuma ke cikin kwalekwalen? Ki faɗa mini duka, har abin da kike ganin ba shi da amfani."

"Igiya mai tsawo. Wuƙa. Da babban kwandon gora da yake zuba kifi. Na ce ya sauya shi da na roba, ya ƙi."

Da ta dawo ta faɗa wa La Dao, sai ya buga cinya. "Kwando! Ni da La Ompo wurin mutum ɗaya muka koyi teku. In injinsa ya mutu, dutse zai sa a kwandon nan, ya ɗaura a igiya ya jefa ta gaba, don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Kuma in ya jefa kwando, iska ba ta da iko da shi sosai. Ruwa ne zai tafi da shi."

Wa Ambe ta buɗe sawun tafiye-tafiyensu na baya. Sau uku a irin wannan wata iska ta taɓa ɗauke musu a kudancin tsibiri, suka zauna ba motsi, kuma duka ukun sawun ya nuna jirgi ya sulale yamma, yana ɗan karkata kudu. Ta auna, ta ga ruwan na tafiya mil goma sha takwas a kwana. Ta dasa alama a inda La Ompo ke kamun kifi, ta ja layi na tafiyar kwana huɗu, ta zana murabba'i a ƙarshensa.

Kafin magariba ta kai wa dattawan da ke zaune a gaɓa. Wani mai jirgi da ake kira La Bante ya leƙa wayar ya taɓe baki. "Can? Ai can babu komai sai ruwa har tsibirin Batuatas. Iska arewa take tura kaya, kowa ya sani. Mu da muka tsufa a teku mun nema ba mu samu ba."

"Kun nema inda ba ya nan, shi ya sa. Ni ban zo neman izini ba, Baba. Na zo ne ku san inda muka nufa, in mun yi kwana bakwai ba labari ku san inda za ku bi."

"Man da za ki kai can fa?"

"Iska muke sha, ita kuwa ga ta nan a banza."

Alhamis bayan sallar asuba suka ɗaga filafilai, su huɗu: ita, da La Dao, da La Hasi, da La Unga mai gonar rogo, wanda ke bin su in ba lokacin shuka ba ne. Iska na bayansu, jirgi na gudu kamar an kore shi. Suka yini suka kwana suna tafiya. Juma'a da gari ya waye, kibiya na tsakiyar murabba'in.

Babu komai. Ruwa ne shuɗi ko ta ina, da farin kumfa a kan igiyoyi. Wa Ambe ta tsara layuka a jere, mil biyu tsakanin kowane, suka riƙa bi suna juyawa, La Hasi na can saman itacen filafilai ya ɗaure kansa da zane. Har hantsi ya yi zafi ba su ga ko leda ba.

La Unga ya sauke murya ya ce, "Inna, kada ki ji haushi. Anya La Bante bai yi gaskiya ba? Mu ɗan taɓa arewa mana."

"Ba za mu taɓa ba. Kawo kwandon albasa."

Ta juye albasar a ƙasa, ta sa dutsen niƙa a ciki, ta ɗaura igiya, ta haɗa da jarkar da ba komai a cikinta, aka jefa a ruwa. Ta dasa alama a wurin. Aka sauke filafilai, aka tayar da ɗan injin, suka riƙa bin jarkar a hankali. La Unga sai tsaki yake yi, yana cewa mutum na can yana mutuwa su suna kiwon jarka. Da awa ɗaya ta cika cif, ta sa aka matsa dab da jarkar, ta dasa alama ta biyu, ta auna tsakaninsu.

Ta ɗago kai ta ce, "Na yi kuskure. Hanyar daidai ce, saurin ne ba daidai ba. Ruwan bana ya fi na bara gudu, mil guda yake yi a awa. La Ompo ya wuce nan tun jiya. Yana gabanmu da kamar mil ashirin da huɗu."

La Dao ya ce, "Kin tabbata, Maman Rasi?"

"Ɗazu lissafin bara na yi. Wannan kuwa yanzu na auna da hannuna. Ku ɗaga duka filafilan. Sa kamfas ɗari biyu da hamsin da biyar, kada ka bari ya kauce."

La Dao ya kama sanda, ita tana karanta masa lambar kamfas don ba ya ganinta, in ya kauce ta ce "dama kaɗan", ya gyara. Suka yi azahar a kan katako ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗumama romo ta ajiye, ta jiƙa sukari da ɗan gishiri a kwalba, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. La Unga ya kalli tabarmar ya kalle ta.

Bayan la'asar, tsibirin Batuatas ya fito can nesa ta hannun dama kamar ƙullin hayaƙi. Sai La Hasi ya ƙwala ihu daga sama: "Tsuntsaye! Hagu, hagu! Akwai wani abu shuɗi a ƙarƙashinsu!"

Kwalekwalen ne, hancinsa na fuskantar igiyar ruwa, doguwar igiya ta miƙe daga gabansa ta nutse. An shimfiɗa tampol a kai, ga yankakken tuna an shanya a gefe, shi tsuntsayen ke bi. Suka yi ta kira, shiru. Sai da jirgi ya matsa har ya kusa gogar sa, sannan tampol ya motsa, wani baƙin kai mai furfura ya leƙo. Leɓunansa duk sun tsage, muryar kamar ana goga ƙarfe.

"Wane ne? La Dao? Kai makaho, kai ka gan ni?"

La Dao na dariya hawaye na zuba, ya ce, "Ni ko tafin hannuna da ƙyar nake gani. 'Yar maƙeri ce ta kawo mu."

La Ompo ya juya ya dube ta. "Kun yi latti. Tun jiya ruwana ya ƙare."

"Ka yi haƙuri, Baba. Da ka bar mana adireshi da tuni mun iso."

Aka ɗauko shi kamar jariri, aka kwantar a tabarma. Wa Ambe ta riƙa ɗiga masa ruwan sukari da cokali, yana neman fizge kwalbar tana buge masa hannu. Da ya ɗan dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya taba ce. Na biyu, ya ce kada wanda ya kuskura ya bar masa kwalekwale, kuma a jawo masa kwandonsa. Aka jawo, aka ɗaura kwalekwalen a baya.

Washegari suka tsaya a Batuatas. La Hasi ya hau tudu inda ake samun sabis, ya kira Taipabu. Ya ce da ya faɗi maganar bai ji amsa ba, sai ihun mata kawai, har wayar ta katse.

Komawa ita ce aikin. Iskar da ta kai su cikin kwana ɗaya yanzu tana gabansu, ga kwalekwale suna ja. Kwana huɗu suka yi suna saran iska, su yi arewa su juyo kudu, Wa Ambe na tsara kowace juyawa, tana kauce wa manyan duwatsun murjanin da ke yammacin Tomia da tazarar mil uku, don ba ta yarda da zanen wurin ba. La Ompo na kwance yana shan romo yana gyara mata tuƙi. Duk abin da ya faɗa game da ruwan wurin, sai ta ce ya maimaita, ta rubuta.

Ranar da suka shigo, Taipabu da Popalia duk sun fito gaɓa. Wa Sariu ta shiga ruwa har ƙugu da zanenta, ta kama mijinta tana kuka tana zaginsa. La Bante ya tsaya a gefe, sai da jama'a ta ragu ya matso, ya yi gyaran murya.

"Maman Rasi, abin nan naki, ko a ƙaramar waya yana shiga?"

"Yana shiga. Ka zo gobe da hantsi, ka taho da tabarau."

Ya zo, kuma ba shi kaɗai ba. Yanzu duk lokacin da Bunga Pala ke gida, za ka ga masu jirage uku ko huɗu a barandarta, manya masu furfura, sun sunkuya a kan wayoyinsu tana yi musu faɗa. Alamominta sun fi ɗari shida, kuma duk wanda ya nema tana tura masa. In wani ya dawo ya ce alama kaza ta kauce, sai ta yi masa tambayoyi kamar alƙali, in ta gamsu ta gyara ta sa sunansa a jiki. La Ompo dai bai taɓa zuwa ba. Mako biyu bayan dawowarsa ya gyara injinsa ya koma teku shi kaɗai, ya ce shi ba zai rataya talabijin a wuya ba. Tuna ta farko da ya kama, ya aika mata da rabi.

Bana Wa Ambe ta cika hamsin da shida. Da iskar yamma ta fara laushi, ta ɗauki oda daga maƙera goma sha ɗaya ta ce Tual za su, can tsibiran Kei, inda ita da La Dao ba wanda ya taɓa zuwa. Mako uku ta yi tana bin layin taku-taku, tana kiran La Mbai tana tambayar masuntan da suka san wajen. Suka tashi wata ranar Asabar. Bayan kwana goma sha ɗaya saƙonta ya shigo wayar Rasi: sun isa lafiya, adduna sun ƙare tun kwana na biyu, mutanen can suna son masu gajeren baki, a faɗa wa maƙera su fara ƙera irinsu kafin ta dawo.